Ƙungiyoyi takwas, kofi uku: yadda kakar hokin ƙanƙara ta mata take tafiya a WCHA

Ƙanwata na ga tambayarki tun shekaranjiya, aiki ne ya sha min kai. Kin ce kin ci karo da wani ɗan bidiyo na wata yarinya tana buga fenariti a kan ƙanƙara ana dab da tashi wasa, da kika bi diddigi sai kika ga wai ƙungiyarta kofi har uku ta ɗauka a kaka ɗaya, kuma lig ɗin da suke bugawa na yanki ne mai ƙungiyoyi takwas kacal, shine kike tambaya ya kakar take tafiya, kuma anya ba ƙaramar gasa ba ce ake zuzutawa. To bidiyon nan na san shi, fainal ce ta ranar 23 ga Maris 2025 tsakanin jami'ar Wiskonsin da ta Ohayo, yarinyar kuma Kirsten Simms sunanta. Ni a Minesota nake zaune shekara da shekaru, 'yata ce ta ja ni cikin harkar tun tana firamare, tun ina tsayawa a bakin gilas ina rawar ɗari ban san me ake yi ba har na zama ni ake ba riƙon agogo da takardar maki a wasannin yara mata na unguwarmu, lig ɗin nan kuwa na daɗe ina binsa duk sati.

Sunan lig ɗin WCHA, na jami'o'i ne, kuma ɓangaren mata an fara shi a 1999. Akwai na maza da ya girme shi nesa ba kusa ba amma ya watse a 2021, yanzu sunan na mata ne su kaɗai. Cikin ƙungiyoyi takwas ɗin shida duk a jihar Minesota suke: babbar jami'ar jihar da ke Miniyafolis, sai ta Duluth, St. Cloud, Mankato, Bemidji da St. Thomas wadda ta shigo a 2021. Ragowar biyun sune Wiskonsin da ke garin Madison da Ohayo da ke Columbus. Kalmar yanki kar ta ruɗe ki, a Amurka yanki abu ne mai faɗi, daga Bemidji can arewa kusa da Kanada zuwa Columbus ya haura kilomita 1,500 a mota, ga dusar ƙanƙara a hanya.

Kafin in shiga kakar bari in ɗan gaya miki yadda wasan yake don kar in yi ta magana kina bina da ido. Mutum shida-shida ne a fili har da gola, a kan takalmi mai ƙarfe kamar wuƙa a ƙasa, kowa da sandarsa mai lanƙwasa. Abin da ake bugawa ba ƙwallo ba ce zagayayya, wani baƙin faifan roba ne mai tauri, faɗinsa inci uku kaurinsa inci ɗaya, har a firiza ake ajiye shi kafin wasa don kar ya riƙa tsalle. Zan dai riƙa cewa an ci ƙwallo tunda shi bakinmu ya saba. Zango uku ake yi na minti ashirin-ashirin, kuma agogo na tsayawa duk sanda aka busa, shi ya sa wasan minti sittin yake cin awa biyu da wani abu. Canji ba iyaka kuma ba a jiran alƙalin wasa, yarinya za ta yi gudu kamar daƙiƙa arba'in da biyar ta dawo benci tana haki wata ta tsallake katanga ta shiga, wasa na tafiya. In kin yi laifi ba kati ake ɗaga miki ba, wani ɗan keji ake tura ki ki zauna minti biyu, ƙungiyarki ta buga da mutum huɗu gaban biyar. Riƙe wannan da kyau, canjin nan da kejin nan sune suka yanke hukuncin kakar da za mu yi magana a kai. Sannan a wasan mata na jami'a an hana banke mutum da gangan yadda maza ke yi, amma wanda ya ce miki ba a haɗa jiki bai taɓa tsayawa kusa da katangar ba, ƙarar da take yi kaɗai ta isa.

To kaka. Ana farawa ƙarshen Satumba a gama zagayen lig ƙarshen Fabrairu, da ɗan hutu a Disamba saboda jarabawa, don kar ki manta ɗalibai ne, ba albashi ake biyansu ba, tallafin karatu ne yawancinsu ke samu. Kowace ƙungiya tana haɗuwa da kowace sau huɗu, biyu a gida biyu a waje, wasa 28 kenan, banda 'yan wasannin da suke yi da jami'o'in wasu yankuna. Kuma abin da ya fi bambanta shi da ƙwallon ƙafar da muka sani shine ba wai yau ki buga da wannan sai bayan wata huɗu ku sake gamuwa ba, a'a, yawanci Juma'a da Asabar ne a jere da ƙungiya ɗaya a fili ɗaya. Wadda ta maka miki sanda a gwiwa daren Juma'a ita za ki tarar gobe da rana, kocin da kika yaudara da wata dabara jiya ya kwana yana kallon bidiyo. Shi ya sa masu bin harkar ba sa cewa mun ci wasa, cewa suke mun share sati ko mun raba, kuma share sati a gidan manya abu ne da ake daɗewa ana labarinsa.

Maki kuwa uku ne idan kin ci cikin minti sittin. In an tashi canjaras sai a ƙara minti biyar da mutum uku-uku, wanda ya fara ci an gama, in ba a ci ba a tafi bugun daga kai sai gola. Wanda ya yi nasara ta wannan hanyar maki biyu, wanda ya faɗi ya tafi da ɗaya. Wani abun da ke rikita baƙi, wasan da aka raba da bugun daga kai sai gola a teburin lig akwai mai biyu da mai ɗaya, amma a lissafin ƙasa canjaras ake rubutawa. Ni kaina na yi shekaru kafin wannan ya zauna min.

Wanda ya ƙare a saman tebur ya ɗau kofi na farko. Daga nan sai gasar lig ta sili ɗaya ƙwale, ta ɗaya da ta takwas, ta biyu da ta bakwai, haka dai, a gidan wadda ta fi maki, wanda ya fara cin wasa biyu cikin uku ya wuce. Huɗun da suka rage a tara su gari ɗaya a yi semi da fainal, wannan shine kofi na biyu. Na ukun ba na lig ba ne, na ƙasa ne baki ɗaya a ƙarƙashin hukumar wasannin jami'o'i NCAA, ƙungiyoyi 11 ke shiga, zakarun lig-lig biyar na ƙasar suna da kujera kai tsaye, sauran shidan a zaɓo su da lissafin ƙarfi. Kin ga inda ukun suka fito.

Yanzu maganar ƙaramar gasa, nan ne zan ɗan ja ki. Tun da aka fara kofin ƙasa na mata a 2001 zuwa 2025, in kika cire 2020 da korona ta hana, jami'a ɗaya tak ce daga wajen WCHA ta taɓa ɗauka, Clarkson ta jihar New York, a 2014 da 2017 da 2018. Duk sauran 'yan lig ɗin nan ne suka raba a tsakaninsu, Wiskonsin takwas, Minesota shida, Duluth biyar, Ohayo biyu. Shekara goma sha uku na farko ma a jere ba wanda ya sansana. Wato abin da ake kira kofin ƙasa sau da yawa rigimar maƙwabta ce aka ɗauko daga gida aka kai bainar jama'a, kuma a ganina gama kaka a saman teburin nan ya fi cin kofin ƙasa wuya, don kofin ƙasa wasa uku ne in gola ta tashi da ƙafar dama an wuce wurin, tebur kuwa wata biyar ne na Juma'a da Asabar ba inda za ki ɓuya.

Dalilin bai da wuyar ganewa. Minesota ce jihar farko da ta sa hokin 'yan mata cikin wasannin sakandare a hukumance, a 1994, ga tafkuna da ke daskarewa duk hunturu, ga filin ƙanƙara kusan a kowane ƙaramin gari, yarinya 'yar shekara huɗu an ɗaura mata takalmi. Ga dokar 1972 da ake kira Title IX da ta tilasta wa makarantun da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya su ba mata dama a wasanni kamar maza. Da Amurka ta ci zinare a Nagano a 1998, karon farko da aka sa hokin mata a Olamfik, sai jami'o'in yankin suka ga ai kayan aikin a ƙofar gidansu yake. Daga baya kuma abun ya zama mai jan kansa, yarinya mai ƙwazo daga Kanada ko Finlan ko Suwidin tana so ta buga inda manya suke, sai manyan su ƙara girma.

Mu dawo kakar 2024 zuwa 2025 da bidiyonki ya fito. Wiskonsin wasa 41 suka buga gaba ɗaya, suka ci 38, canjaras biyu, aka doke su sau ɗaya jal. Wa ya doke su? Ohayo, 3 da 2 a Columbus cikin Nuwamba. Da aka dawo hutu a farkon Janairu suka rama da 6 da nema a gidansu, bayan kwana biyu aka kwashe su duka aka kai Shikago, aka shimfiɗa ƙanƙara a tsakiyar filin besbol na Wrigley suka buga a waje cikin sanyin nan mai yanka kunne, aka tashi 3 da 3, Ohayo ta ɗau makin ƙari a bugun daga kai sai gola. Kin ga tun kafin Maris kowa ya san ƙungiya ɗaya ce a ƙasar ta san makamar Wiskonsin. Kuma akwai tsohuwar jiƙaƙƙa, fainal ɗin 2023 su biyun ne, Wiskonsin ta ci 1 da nema, kuma Simms ɗin nan ce ta ci tana 'yar aji ɗaya, ta 2024 su ne dai, Ohayo ta rama 1 da nema ta sandar Joy Dunne.

Kociyoyin ma labari ne. Na Wiskonsin Mark Johnson, yana riƙe da su tun 2002, shine wanda ya ci ƙwallo biyu ranar da yaran jami'a na Amurka suka doke Tarayyar Sobiyet 4 da 3 a Olamfik ta 1980, dattijo mai sanyin hali da wuya ki ga yana ɗaga murya. Ta Ohayo Nadine Muzerall 'yar Kanada ce, tsohuwar 'yar wasan Minesota, ta karɓi ƙungiyar a 2016 lokacin ba wanda ke lissafi da su, ta mayar da su masu matsa wa mutum lamba tun daga bakin ragarsa har ya rasa inda zai sa faifan. Ni dai duk da ba na goyon bayansu aikin matar nan yana burge ni fiye da na kowa a lig ɗin.

Mu 'yan Minesota kuwa kakar nan mun sha kashi wallahi. Ba wai ƙungiyar ba ta da kyau ba, muna da Abbey Murphy da ta haura ƙwallo talatin, yarinya mai tsokana da kowa ke tsana sai in a ƙungiyarsa take, kuma mun kai semi ta ƙasa. Amma sau shida muka haɗu da Wiskonsin sau shida suna cinmu. Wanda ya fi ciwo shine fainal ɗin lig a Duluth farkon Maris, bayan mun fitar da Ohayo a semi, ana 3 da 3 kowa ya fara shirin ƙarin lokaci, saura ƙasa da rabin minti Sarah Wozniewicz ta zura ta huɗu. 'Yata ko abincin dare ba ta ci ba ranar.

Abin da ya sa Wiskonsin ta gagara shine ba tauraruwa ɗaya gare su ba da za a ce a tsare ta a huta. Casey O'Brien kyaftin ɗinsu ta tara maki 88, ƙwallo 26 da taimako 62, don a hoki wanda ya ba da fas ma maki ɗaya yake samu daidai da wanda ya ci, har mutum biyu ake rubuta wa taimako a ƙwallo ɗaya. Ga Caroline Harvey mai tsaron baya da ke kai hari kamar 'yar gaba. Ga Laila Edwards, doguwa sambal 'yar Cleveland Heights, baƙar fata ta farko da ta buga wa babbar tawagar matan Amurka, a 2023, wadda ta fi kowa cin ƙwallo a ƙasar a kakar da guda 35. Kyautar gwarzuwar shekara ta Patty Kazmaier mutum uku ake fitarwa a zagayen ƙarshe, to su ukun nan ne duka, O'Brien ta ɗauka. Kafin nan sau ɗaya aka taɓa ganin haka, Minesota a 2013, shekarar da suka buga wasa 41 suka cinye duka, wannan kam har yau ba wanda ya maimaita, dole in faɗa don in ɗan huce.

Kofin ƙasa a gidanmu aka yi, filin Ridder na Miniyafolis mai cin mutum 3,400, wanda aka gina musamman don ƙungiyar mata. Cikin huɗun ƙarshe uku 'yan WCHA ne, Cornell ce kaɗai baƙuwa, Ohayo ta sallame ta 4 da 2. Wiskonsin ta sake tattaka mu 6 da 2, Edwards ita kaɗai ta ci uku. Sai fainal.

Gaskiya Ohayo ta fi wasa a yawancin ranar nan. Dunne ce ta fara ci alhali ma ƙungiyarta na da mutum a keji, daƙiƙa goma sha biyu tsakani Edwards ta farke, Ohayo ta ƙara kafin a tafi hutu, ana dawowa zango na biyu ko zama mutane ba su gama yi ba suka ƙara ta uku. Harvey ta rage ya koma 3 da 2, daga nan golar Ohayo Amanda Thiele ta rufe ƙofa, lokaci na ta zurarewa. Saura ƙasa da minti biyu sai Ohayo ta yi kuskuren da ko yaran da nake riƙe wa agogo ana yi musu faɗa a kansa, wajen canji wata ta shiga kafin wata ta fito, mutum ya yi yawa a fili, alƙali ya busa, keji. Johnson ya cire golarsa ya sa ƙarin 'yar gaba, ya zama shida gaban huɗu raga a buɗe, irin cacar da in faifan ya kuɓuce an gama da kai. Aka yi cincirindo a bakin ragar Ohayo, aka busa. Mu da ke kallo ba mu ga komai ba, Edwards ce ta gani, ta nufi benci tana nuna wa koci cewa wata 'yar Ohayo da ba gola ba ta rufe faifan da hannu a cikin shuɗin da'irar bakin raga, ya nemi a duba bidiyo. Doka ta ce wannan fenariti ne. Aka duba, haka ne. Saura daƙiƙa 18.9.

Fenaritin hoki ba ajiyewa ake a buga ba, daga tsakiyar fili za ki taho da faifan ke kaɗai sai gola, kowa ya koma benci ya zuba miki ido. Kyamara ta nuna Johnson ya juya yana tambayar yaransa wa ke so, Simms ta ɗaga hannu, ko da yake daga baya ta ce abokan wasanta ne suka yi ta ingiza ta. Ta taho a hankali, ta yi kamar za ta kai gefe ɗaya gola ta bi, ta janyo faifan ta tura ta ɗaya gefen. Wannan shine abin da kika gani. Abin da bidiyon bai nuna miki ba shine an tafi ƙarin lokaci, a nan kuma ba uku-uku ba ne ba bugun daga kai sai gola, biyar-biyar ne har sai wani ya ci ko da za a kwana, minti biyu da daƙiƙa 49 da farawa Lacey Eden ta buga gola ta tare faifan ya dawo, Simms ɗin dai ta sake sa shi a raga. 4 da 3. Har yau in kika haɗu da ɗan Ohayo zai ce miki fenaritin nan zalunci ne, ni na kalli maimaicin ya fi a ƙirga, hannun na kan faifan, amma na yarda da su cewa da ba a duba bidiyo ba ba mai cewa uffan.

Kar in yi miki kwalliya da yawa, lig ɗin na da nasa ciwon. Tazarar da ke tsakanin huɗun sama, wato Wiskonsin, Ohayo, Minesota da Duluth, da na ƙasa babba ce, akwai satin da za a ci ƙungiya bakwai ko takwas da nema Juma'a, gobe ta sake fitowa gaban mutanen nan dai. Wadda ke ban tausayi ita ce ta tsakiya irin St. Cloud, a ganina da a wani yankin take da ana ganinta a gasar ƙasa akai-akai, amma a nan wasa goma sha shida cikin 28 da manyan nan huɗu take yi. Kuɗi ma matsala ne, jami'ar North Dakota tana cikin lig ɗin har 2017 aka wayi gari ta rufe ƙungiyar matan don rage kashe kuɗi, bayan shekara ɗaya tagwayen Lamoureux da suka yi wasa a can, Monique da Jocelyne, su ne suka ci ƙwallayen da suka kawo wa Amurka zinare a Olamfik ta 2018. Abin da ya ɗan gyaru yanzu shine akwai inda za a je bayan digiri, lig ɗin ƙwararru na PWHL da ya fara wasa a Janairun 2024, O'Brien ma ƙungiyar New York ce ta ɗauke ta a 2025, ita ce ta uku da aka zaɓa a rabon sabbin 'yan wasa. A da yarinya tana gama jami'a in ba tawagar ƙasa ta shiga ba kusan sai dai ta rataye takalmi ta nemi aikin ofis.

In kina so ki bi kaka guda da kanki, wasannin suna fitowa a manhajar B1G+ amma da kuɗi, gutsattsarin kuma kyauta ne a YouTube. Na daren Juma'a zai same ki tsakar dare, awa bakwai ne tsakaninmu da Najeriya lokacin hunturu, don haka ki nemi na Asabar ko Lahadi da rana, wanda aka fara ƙarfe biyu a nan tara na dare ne a wurinku. Ki fara da satin da Wiskonsin ke haɗuwa da Ohayo ko Minesota, kuma ki kalli duka biyun, na farko da na washegari. Satin farko ba za ki riƙa ganin faifan ba, kowa haka ya fara, ki bar nemansa ki kalli inda kawunan 'yan wasa suka juya, yana can. In kin ga an busa ba ki san dalili ba ki rubuto min minti nawa ne a wane zango, zan duba in gaya miki.